SHARHI: Man Tabar Wiwi Iri Biyu Ne, Amma Doka Ɗaya Ce

Daga Jos

Tun bayan da Amurka ta halalta noman wani nau'in tabar wiwi maras ƙarfin maye a shekarar 2018, cinikin man da ake kira CBD ya bunƙasa a ƙasashen Turai da Amurka, har ƙurarsa ta iso kasuwanninmu. Don haka ya kamata ɗan kasuwa ya san abin da ke cikin kwalbar tun kafin ya zuba jarinsa.

Ganyen wiwi na ƙunshe da sinadarai fiye da 100 na dangi ɗaya, amma biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne THC, wanda ke sa maye. Na biyu kuwa shi ne CBD, wanda ba ya bugarwa. Daga nan ne man ya rabu gida biyu. Akwai cikakken mai, wanda ake tatsowa tare da dukkan abin da ganyen ya ƙunsa, har da ƙamshinsa da ɗan ɓurɓushin THC, wanda dokar Amurka ta 2018 ta ƙayyade kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100 a jikin tsiron. Akwai kuma tatacce, wanda ake yi ta tacewa har ya zama farin gari maras ƙamshi, kimanin kashi 99 cikin 100 nasa CBD ne zalla, sannan a narka shi cikin man kwakwa ko makamancinsa.

Masu tallar cikakken mai na cewa sinadaran sun fi aiki idan suna tare, amma har yanzu masana ba su daddale a kan wannan ba. Abin da ya tabbata shi ne maganin farfaɗiyar yara mai suna Epidiolex, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, daga tataccen CBD aka yi shi. Haka kuma mai shan cikakken mai a kai a kai na iya faɗuwa gwajin ƙwaya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya auna samfura 84 da ake sayarwa ta intanet, ya tarar ƙasa da kashi ɗaya bisa uku ne rubutun jikinsu ya dace da abin da ke ciki, an kuma sami THC a cikin guda 18. Ke nan rubutun kwalba ba shaida ba ne.

A Nijeriya, dokar tabar wiwi ta 1966 da dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 sun haramta noma da sayarwa da mallakar wiwi. Ɗan kasuwar da ke Terminus kada ya ɗauka cewa kalmar "tatacce" za ta fid da shi a gaban alƙali, balle ma a garin da makarantar horar da jami'an hukumar take. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan jihar Ondo, ya yi kira a 2019 da a halalta noman don magani, sai dai dokar ba ta canja ba. Masu adawa kuma suna da hujja: binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar nan.

Duk da haka, Lesoto ta fara ba da lasisi a 2017, Maroko kuma ta yi doka a 2021. Ra'ayinmu shi ne, in har wata rana Nijeriya za ta buɗe wannan ƙofa, to ta taƙaita ga tataccen mai kaɗai, da lasisi, domin fitarwa waje da haɗa magani. Shi ne ake iya aunawa, shi ne kuma ba ya da amfani ga mashayi.

Mutanen Filato sun san darasin. Shekaru da dama ana haƙar kuza a Bukuru ana kai ta Ingila ɗanya, sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka ta ta Makeri a Jos. Ribar tana wurin mai tacewa, mai haƙa kuwa ramuka aka bar masa. Jami'ar Jos na da tsangayar harhaɗa magunguna da cibiyar binciken magungunan tsirrai, waɗanda za su iya zama tushen ɗakin gwajin da irin wannan sana'a ke buƙata.

Kafin wannan rana, shawara ga 'yan kasuwa ita ce su janye hannunsu daga kowane irin man biyun. Rigakafi ya fi magani.