A rubuta mana magani da sunansa na ainihi

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya likita ya san ƴar takardar nan da lokotoro ko majo yake miƙo wa mutum, ya ce a je farmasi a sayo. Da yawa cikinmu mukan linke ta mu sa aljihu, ba mu duba ba. A ganina, tun da Allah ya sa mun iya karatu, ya kamata mu riƙa dubawa, kuma mu roƙi a rubuta mana magani da sunansa na ainihi.

Magani yana da suna iri biyu. Akwai sunan ainihi, wanda Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, take zaɓa, kuma shi ɗaya ne ko'ina. Akwai kuma sunan kasuwa, wanda kamfani yake laƙaba wa kwalinsa. Doliprane da Efferalgan da Panadol duk farasetamol ne, wanda a kwali ake rubuta shi paracétamol. Clamoxyl kuwa amoxicilline ne. Manomin da ya je sayen takin zamani 15-15-15, lambobin nan yake nema a jikin buhu, bai damu da hoton da aka zana ba. To, haka magani yake.

Dattawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa. Faran ɗaya na Faransa, da ake canzawa dala 10, ya koma dala 20. Maganin da ake kawowa daga waje ya yi tsada, magidanta da yawa suka kasa saye. Abin da ya taimaki talaka shi ne maganin da ake sayarwa da sunan ainihi, wanda ake kira jenerik, don ya fi araha. Idan takarda ta zo da sunan kasuwa, mai ita yakan dage sai wannan kwalin, ya biya da tsada, ko ya shiga mota zuwa birni neman abin da ke nan kusa da shi da wani suna.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne haɗarin sha biyu. Mutum yana da zazzaɓi, ya sha Doliprane. Maƙwabci ya kawo masa Efferalgan, ya ce wannan ya fi ƙarfi, shi ma ya sha. A zatonsa magani biyu ya sha, alhali ɗaya ne ya ninka. Farasetamol idan ya yi yawa yana lalata hanta. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a kwana ɗaya, dare da rana, na yaro kuwa ana auna shi da nauyinsa.

A Faransa, tun 2015 doka ta tilasta wa lokotoro rubuta sunan ainihi. A Ingila kuma lokotoro yana rubuta magani a kwamfuta, saƙon ya isa farmasi kai tsaye, ba ruwan kowa da mummunan rubutu. Kwamfuta tana ma iya gargaɗi idan an rubuta magani ɗaya sau biyu. Abu ne mai kyau, ina fata ya iso mu. Amma likitar ƙauyen da wuta ba ta isa ba, ba sai ta jira na'ura ba. Alƙalami ya isa a rubuta suna da manyan haruffa, da yawan ƙwayoyi, da sau nawa a rana, da kwana nawa.

Kar a ɗauka ina nufin ƙwayoyin da ake talla a tire cikin rana a kasuwa. Waɗannan ba wanda ya san asalinsu. Jenerik na gaskiya a farmasi ko a likita ake samunsa. Masu shan maganin farfaɗiya kuma kar su canza kwali sai da izinin lokotoro.

Yau idan kun koma gida, ku fito da kwalayen da ke ajiye a ɗaki, ku karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban suna. Idan kwali biyu sun zo da suna ɗaya, kar a sha su tare, a kai wa majo ya duba.