Aljihu Nawa Ne a Gidan Bahaushe? Tsokaci kan Bashi da Kasafin Iyali

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, maganar bashi da hanyar fita daga cikinsa ta zama ruwan dare a gidajen rediyo da majalisun unguwa da shafukan sada zumunta. Dalilin a fili yake. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, alhali mafi ƙarancin albashi, wanda aka ɗaga daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin shekarar, bai isa sayen buhun shinkafa guda ba a lokacin. Shawarar da ake ba magidanta kusan iri ɗaya ce: a rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita, a tsuke bakin aljihu, a ware wani kaso domin biyan masu bin bashi. Shawarar ba ta da aibi, sai dai an gina ta kan wani zato da ba a faɗa, wato cewa iyali aljihu ɗaya gare su.

Gidan Bahaushe ba haka yake ba. A shari'a da al'ada, ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan maigida, dukiyar mace kuwa tata ce. Polly Hill, wadda ta yi nazarin garin Batagarawa da ke kusa da Katsina, ta nuna a maƙalarta ta 1969 kan cinikin ɓoye a ƙasar Hausa, da kuma littafinta na 1972, irin girman sana'ar da matan kulle ke gudanarwa daga cikin ɗakunansu ta hannun yara 'yan talla. Har gobe, miji kan sayi ƙosai ko fura a wurin matarsa ya biya kamar kowane mai ciniki, kuma ba wanda ke ganin baƙon abu a nan. Ke nan a gida mai mace ɗaya akwai aljihu biyu, a gida mai mata uku akwai huɗu.

Mu ɗauki misalin malamin firamare da ya ɗaura niyyar sauke nauyin da ke kansa: bashin mai shago, ragowar kuɗin makarantar yara, da rancen da ake zara daga albashinsa duk wata. Abu na farko da hannunsa zai kai gare shi shi ne kuɗin cefane, domin shi kaɗai ne ba ya zuwa ƙofar gida ya yi sallama. Ya rage, a takarda ya samu rara. Amma cikin yara bai san kasafi ba, tukunya kuma ba ta raguwa don an rage kuɗi. Uwargida ce za ta cike giɓin daga jarin ƙuli-ƙulinta, sannan daga kwasar adashi, sannan ta sayar da akuya, daga ƙarshe ɗan kunnen gwal ya tafi kasuwa. Bayan shekara guda maigida zai yi hamdala cewa ya rabu da bashi. Gaskiyar magana ita ce bashin ƙaura ya yi, daga littafin mai shago zuwa ɗakin matarsa, inda ba littafi.

Harshen kansa yana taimakawa wajen ɓoye wannan ƙaura, kuma nan ne ya kamata manazarta Hausa su kasa kunne. Bahaushe ya bambanta aro, wanda ake mayar da ainihin abin da aka karɓa, da rance, wanda ake mayar da kwatankwacinsa, da kuma bashi, wanda ake ci, a bi, a biya. Tsakanin miji da mata kalmar bashi ba ta cika fitowa ba. Abin da ake ji shi ne "ɗan cika mana", ko "ara mini kafin a yi albashi", ko kuma a lulluɓe komai da sunan rufin asiri. Da zarar an kira abu rufin asiri, kunya ta hana a tambaye shi.

Ɓarnar ba ta tsaya kan jari ba. A tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 an bayyana yadda mata ke ƙulla biki, kowace na mayar wa ƙawarta fiye da abin da ta karɓa idan nata sha'anin ya zo. Tsarin na nan, shi ya sa ake ajiye mai rubuta gudummawa a gidan suna da na aure. Masu wa'azin tsimi da tanadi kan sa biki cikin jerin almubazzaranci, kuma game da anko da yawan shagulgula ina tare da su. Amma gudummawar biki ajiya ce a hannun mutane. Macen da aka cinye jarinta ba za ta iya ramawa ba, ƙawaye su janye, ranar da za ta aurar da 'yarta kuwa kayan ɗakin da za a tara mata ba za su taru ba. Uban yarinya sai ya koma cin sabon bashi, wataƙila a wurin manhajojin rance na waya masu ruwa mai tsanani.

Za a ce zaman aure ba ciniki ba ne, kuma shigo da biro da takarda tsakanin ma'aurata na iya ɓata zumunci. Ban raina wannan hujja ba, domin mata da yawa suna bayarwa ne da zuciya ɗaya, ba su kuma son a biya su. Sai dai yafiya na zuwa ne bayan an amsa cewa akwai hakki. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarnin rubuta bashi ƙarami ko babba, ba ta kuma ware dangi ko ma'aurata ba. Muhimmancin haka kan bayyana ranar rabon gado. Ana biyan bashin mamaci kafin a raba dukiyarsa, matar da ke da 'ya'ya kuwa rabonta tumuni ne, wanda za ta raba da kishiyoyi idan akwai su. Mai shago zai zo da littafinsa a sallame shi. Ita da gwal ɗinta ya shiga ginin gidan, in ba shaida ba rubutu, sai ta ga an raba shi tsakanin magada tana zaune.

A ganina, kasafin da zai dace da gidan Bahaushe dole ya buɗe gurbi na musamman ga abin da aka karɓa daga hannun matar gida, da kwanan wata da adadi, ko da a bayan littafin makarantar yaro ne. Wajen biya, a fara da rance mai ruwa tunda shi ke hayayyafa, amma jarin uwargida ya biyo baya nan take, kafin sabuwar waya da ɗinkin salla.