Kafin ki sayi kayan kakar wani a gwanjo, leƙa ɗakin taki kakar

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce a kan yayin ƙawata ɗaki da kayan da: tsohuwar fitila, tsohon agogo, tsohon faranti. Ni ma ina cikin yayin nan dumu-dumu, har ranar da wani abu ya faru a gidanmu a Rogo na ji kunyar kaina. 🧵

2/ A makaranta, ni da ƙawayena wata ba ya ƙarewa ba mu leƙa gwanjo ba. Ƙofar Wambai, Sabon Gari, duk mun san lungunansu. Kofi mai zanen fure, agogon bangon da ya daina tafiya. A goge, a jera, a ɗau hoto, a ɗora a Instagram. Kayan da wataƙila wata tsohuwa a Ingila ta mutu ta bari, magada suka tattara suka fitar.

3/ Hutun da ya wuce na je gida. Na shiga gaida Iya, kakata ta wajen uba, sai na ga bango fayau. Jeren da na buɗe ido na gani, tasoshi da kwalla da langa tun daga ƙasa har kusa da rufi, babu ko ɗaya. A gurbinsu baho ɗaya da bokiti biyu na roba.

4/ Na ce, "Iya, ina jerenki?" Ta ce, "Ke kishiya, me zan yi da su? Mai gwangwan ya zo, na ba shi." Tasoshin ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin kilo, sauran ya musanya mata da roba. Mutanen Gwangwan ta wajenmu ku kwantar da hankalinku, ba da ku nake ba. 😅

5/ Ku fahimci abin da ya tafi. Kayan aurenta ne, tun ana kashe fam da sule, kafin a kawo naira a 1973. Kowace tasa da mai ita: wannan uwarta ta saya, waccan gudummawar gwaggonta ce, waccan kuma bikin da ƙawarta ta rama mata.

6/ Kuma jere ba ado kaɗai ba ne. Asusun mace ne a lokacin da ba ta san ƙofar banki ba. Yaro ya kwanta ciwo, a cire kwalla ɗaya a ba dillaliya. 'Ya ta isa aure, a zare wasu a kai mata ɗaki. Tarihin mata uku ko huɗu ne jere a bango guda.

7/ Bayan na koma Kano na shiga Kurmi, kasuwar nan da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Na ga tasa irin ta Iya sak, an goge ta tana walƙiya. Da mai rumfar ya faɗi kuɗinta, sai na ga ita kaɗai ta fi abin da aka ba Iya a kan jeren gaba ɗaya.

8/ Wannan ma ta yi sa'a ta iso rumfa. Wadda aka saya da kilo, ƙarshenta tukunyar narka ƙarfe. To ga abin da nake son faɗa: muna biyan kuɗi mu sayi kayan kakannin wasu don tsofaffi ne, namu kakannin kuma ana auna nasu a sikeli don tsofaffi ne. Wallahi akwai gyara.

9/ Na san wani zai ce kayanta ne, ina ruwana. Gaskiya ne. Iya ta tsufa, ba ta iya sauke tasa ta goge da toka kamar da, roba kuma ba nauyi. Shi ma mai gwangwan halalinsa yake nema. Ban ga laifin ko ɗayansu ba.

10/ Laifin namu ne, mu jikoki. Shekara nawa muna shiga ɗakin nan muna dariya, wai kayan ƙauye? Wace amarya ce yau za ta yarda a jera mata kwalla a kusa da tangaran? Iya ta ce mini, "Da ke kika taɓa tambaya, ai da ban bayar ba." Maganar nan har yau tana ci mini rai.

11/ Wanda ba zan yi wa uzuri ba shi ne dillalin da ya san darajar abu, ya bi ƙauyuka su Zarewa da Fulatan, ya ce wa tsohuwa tarkace ne, ya ba ta kuɗin goro. Wannan ba iya ciniki ba ne, cin amanar wadda ba ta sani ba ne. Idan ɗalibi ya yi haka don ya samu abin ɗorawa a TikTok, shi ma sunansa ke nan.

12/ In kin je gida, ga abin dubawa: akushi, ƙoshiya, ƙwarya mai zane, faifai, tandun kwalli, adaka, gado mai rumfa, dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, zanen saƙi, luru, kayan tagulla na Bida. Da kwabo mai huji da anini, kuɗin zamanin Turawa, da ke yawo a ƙasan akwatuna.

13/ Amma da sharaɗi. Ki tambaya, kada ki ɗauke. In tana so ta sayar, ki ba ta fiye da abin da dillali zai bayar. In mai kayan ta rasu, sun zama gado, akwai haƙƙin magada a kai. Ba a sulale da su a jaka da sunan son tarihi.

14/ Sannan ki kunna rikoda a wayarki ki tambaye ta: wa ya ba ki? A wace kasuwa aka saya? Me aka ci a ciki? Akushi ba labari itace ne kawai. Abin da ɗan gwanjo ba zai taɓa iya sayar miki ba ke nan.

15/ Don Allah kada a shafa wa akushi fenti mai ƙyalli, a goge shi da ɗan mai, a nisanta shi da gara. Tasa, toka da lemon tsami sun isa. Saƙi kuma ba ya son bilic, ba ya son doguwar shanya a rana.

16/ Masu tunanin sayar wa 'yan waje: akwai dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin kayan tarihi, ba a fitar da shi daga Najeriya sai da izini. In kun ga abu ya tsufa sosai, ku fara nuna wa ma'aikatan Gidan Makama.

17/ Ban ce a daina zuwa gwanjo ba, ni ma ban daina ba. Cewa na yi a fara daga gida.

18/ A ƙarƙashin gadon Iya na samu abu biyu da suka tsira: baƙin akushi da tandu. Na miƙa mata kuɗi, ta yi ta dariya wai kishiya ta zare. Sai ta ce a akushin nan kakanmu ya ci tuwonta na farko, kuma gishiri ya yi yawa, amma ya cinye tas bai ce uffan ba. Shekarata 22 ban taɓa jin labarin ba.

19/ Yanzu yana kan teburina a makaranta. Ku fa, me ya rage a ɗakin kakarku? Ku ɗauko hoto ku ajiye a ƙasa, da labarinsa in kun samu. Wanda tasa kakar ke raye, ya yi sauri.