Mai Ƙididdigar Gini

Da wuya a ratsa gari ba a ga kango ba. An ɗora bulo har ya kai taga, sa'an nan aka tsaya. Ba rufi, ba ƙofa. Ciyawa ta fito a ciki, awaki da ƙadangaru sun mai da wurin nasu. In aka tambayi dalili, sau da yawa amsar ɗaya ce, kuɗi ne suka ƙare. Mai ginin bai rasa fili ba, bai rasa magini ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa, tun ba a haƙa tushe ba, ko nawa ginin zai ci.

To, akwai mutumin da sana'arsa ke nan. Shi ake kira mai ƙididdigar gini. Ba ya ɗaukar bulo, ba ya kwaɓa siminti, amma bai kamata a tayar da babban gini ba sai an nemi shawararsa.

Ga yadda yake aiki. In mai zanen gini ya gama zanensa, sai a miƙa wa mai ƙididdiga. Shi kuwa sai ya zauna ya bi zanen daki-daki, yana awo yana lissafi. A misali, a ce bangon aji tsawonsa mita 8, tsayinsa mita 3. Watau murabba'in mita 24 ke nan. Kowane murabba'in mita yakan ci bulo kamar 10, saboda haka bangon zai ci 240. Amma akwai ƙofa a jikinsa mai faɗin mita 1 da tsayin mita 2. Wurin ƙofa ba a sa bulo, sai ya debe 20, saura 220. Kana ya ƙara kaɗan domin waɗanda za su fashe a hannun leburori.

Haka zai yi wa siminti, da yashi, da tsakuwa, da rodi, da katako, da kwano, har ƙusa. Ya san buhun siminti kilo 50 ne, ya san ko nawa ake sayar da shi a kasuwa. Ya kuma lissafa ladan birkila, da kafinta, da mai fenti. Duka sai ya jera su a takarda, kowane abu da yawansa da kuɗinsa. Da wannan takarda mai gini zai san ko aljihunsa zai kai. In ba zai kai ba, sai ya rage ɗakuna, ko ya dakata tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Aikinsa bai ƙare nan ba. In an fara gini, yakan je wurin lokaci lokaci ya auna abin da aka yi. Ɗan kwangila ya ce ya gama bango huɗu, shi kuwa ya auna ya tarar uku ne, to, kuɗin uku za a biya. In kuwa mai gini ne ya ƙara aiki, kana ya so ya ƙi ƙara kuɗi, mai ƙididdiga zai nuna masa haƙƙin ɗan kwangila. Ashe tsakani yake tsaye, kamar ma'auni a kasuwar hatsi.

Waɗansu sukan ce, ina amfanin biyan mutumin da ko tubali ɗaya bai ɗora ba? Sukan ce kakanni sun gina ganuwa da soraye ba su san shi ba. Maganarsu da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. A ginin ƙasa, a kududdufi ake haƙo ƙasar, azara kuwa daga giginya take, maƙwabta kuma sukan taimaka da gayya. Ginin siminti fa, kome nasa sayensa ake yi, kuskure kaɗan ya jawo asara babba. Mai gina ɗaki ɗaya, lalle magini ya ishe shi. Amma makaranta, ko asibiti, ko gada, da dukiyar jama'a ake yinsu. In lissafi ya ɓaci, yara ne za su yi karatu a gindin bishiya, marasa lafiya su kwana a ƙasa.

A Ingila wannan sana'a ta yi ƙarfi. Bayan babbar gobarar da ta cinye birnin Landan a shekarar 1666, aikin gini ya yi yawa, aka riƙa neman masu auna aikin da magina suka gama domin a biya su daidai. Daga baya aka gane ya fi kyau a yi awon tun daga zane. A Nijeriya masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu a 1969, a 1986 kuma aka yi dokar kafa hukumar da ke yi musu rajista. Ana koyar da aikin a manyan makarantu, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Yaro ko yarinyar da ke sha'awar wannan aiki, abu biyu ne guzurinsu. Na fari lissafi, gama tarawa da debewa da sau na aji su ne tushensa. Na biyu, wanda ya fi, riƙon amana. Dukiyar mutane ke bi ta bakin alƙalamin mai ƙididdiga. In ya karɓi toshiyar baki ya rubuta buhu 100 inda 80 aka sa, ya cuci mai gini, ya kuma cuci duk wanda zai zauna a ciki. Yaron da aka aika kasuwa ya komo da canji cif, ya riga ya fara koyon wannan sana'a.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake debe wurin ƙofa daga lissafin bulo?
2. Bango mai tsawon mita 6 da tsayin mita 3, ba ƙofa ba taga, bulo nawa zai ci?
3. Waɗanne abubuwa biyu ne guzurin mai ƙididdigar gini?