Kwaɗayi Mabuɗin Wahala

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin ɗaliban Samaru. Ɗalibi zai shiga Laburaren Kashim Ibrahim ya karanta labarin Buddha, ɗan sarkin nan na ƙasar Hindu da ya bar fada yana da shekara 29, ya fito yana yaba yadda mabiyansa kan zauna shiru suna lura da numfashinsu. Amma in ya ga dattijo a Jushi ya shiga halwa, ko yana jan carbi bayan Asuba, sai ya ce ci baya ne. Da magariba kuwa ya nufi Sabon Gari ya kashe alawus ɗinsa a otal.

To, me Buddha ya ce? Bayan shekara 6 yana azabtar da jikinsa, ya gane cewa holewa da azabtar da kai duk ɓata ne, kwaɗayi kuma shi ne tushen wahala. Ashe kakanninmu ba su faɗi haka ba? A 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi Kano, saboda takaicin yadda son mulki da dukiya ya kama mutane.

Ba mu ce jin daɗi haramun ne ba. Amma gobe mu ne za a danƙa wa baitulmali. Wanda bai iya zama minti goma yana tuhumar zuciyarsa ba, yaya zai yi in ɗan kwangila ya miƙo masa ambulan? Allah ya ganar da mu.