Mai Zanen Shafi, Datar Wa Kake Ƙonawa?

Idan ka buɗe shafin wata makaranta ko na wani shago, ka ga hoto yana saukowa daga sama kaɗan-kaɗan kamar ana sakin labule, kada ka yi saurin zagin kamfanin layinka. Sau da yawa laifin na wanda ya fitar da hoton ne daga manhajar zane, bai rage masa nauyi ba.

Ga yadda aikin yake. Mai zane yakan zana fuskar shafi gaba ɗaya a Photoshop ko Figma, sannan ya yayyanka ta: tambari daban, hoton sama daban, maɓallai daban. Kowanne ya fitar da shi fayil guda, ya miƙa wa mai rubuta kod. A da, Photoshop har shafin HTML yake haɗa maka, ya jera gutsattsarin hotunan cikin tebur. Hakan ya yi amfani lokacin da kusan kowa da kwamfuta yake shiga intanet. Daga 2010, da Ethan Marcotte ya yi rubutunsa kan shafin da ke daidaita kansa da girman fuskar na'ura, aka fara watsi da wannan salo.

A wajenmu salon bai mutu ba, riga ya sauya. Yanzu mutum zai haɗa sanarwa a PixelLab ko Canva, da farashi, da lambar waya, da lambar asusu, duk cikin hoto ɗaya, ya ɗora a shafi ya ce ya gama. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Rubutun da ke cikin hoto sai ka ja shi da yatsu biyu kafin ka karanta. Lambar asusun sai ka kwafa a takarda, ko ka haddace rabi ka koma ka duba rabi. Makaho mai amfani da TalkBack kuwa, idan ba a rubuta wa hoton bayani ba, an rufe masa ƙofa ke nan. Uzurin da ake yawan kawowa shi ne salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Gaskiya ne, amma Noto Sans na Google da Andika na SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. Rubutu a bar shi rubutu.

Sai maganar nauyi. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai faɗin fiksel kusan 4000. Idan kowane hoto ya kai megabait 3, aka zuba goma a shafi ɗaya, megabait 30 ke nan. Mai gigabait ɗaya, buɗe irin wannan shafi sau talatin da 'yan kai ya cinye masa ita. Kuma tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Mai zanen yana zaune kan Wi-Fi, ɗalibin da ya zo duba sakamako shi ke biya.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Hoton kyamara kada a fitar da shi a PNG, domin wannan na zane ne mai launuka kaɗan ko mai bayan da ake gani ta cikinsa. Tambari a yi shi SVG, ba ya dushewa ko an ƙara masa girma. Sauran a mayar da su WebP, wanda Google ya fitar a 2010, kuma Safari ma ta karɓe shi tun 2020. Ko kwamfuta ba ka buƙata: buɗe Squoosh a burauzar wayarka, ka rage faɗin, ka ja ma'aunin inganci kana kallon bambancin gefe da gefe.

Wani zai ce mai aikin yana son hoto tar, kuma wayoyin yanzu fuskarsu na da kaifi. Na yarda, shi ya sa Figma ke ba ka damar fitar da ninki biyu. Amma faɗin fiksel 1200 ya wadatar da fuskar waya, abin da ya haura haka ido ba ya gani, data ce kawai ke tafiya.

Kai kuma da ka ba da aikin shafi, kafin ka cika kuɗin, kashe Wi-Fi, ka buɗe shi da datarka a inda sabis ke wahala, ka gwada kwafar lambar wayar da ke ciki.