RA'AYINMU: Kafin a sayi motar lantarki, a tambayi hanya, wuta da bakanike

Jama'a, wata sabuwar haja ta shigo duniyar motoci, kuma labarinta ya iso kunnen magidanta a gundumomin Madawa, Buza da Keita. Ita ce ƙaramar mota mai ɗan tudu, mai kujera biyar, wadda ba ta shan man fetur sai wutar lantarki, irin su BYD Atto 3 ta ƙasar Sin da Hyundai Kona ta Koriya ta Kudu. Tun da yake kuɗin mota gumin shekaru ne, na albashi ko na albasa, wajibi ne mu auna ta da ma'aunin ƙasarmu.

Amfaninta ba a ɓoye yake ba. Ba a yi mata juyen mai, ba ta da bututun hayaƙi, kuma kayan da ke motsi cikin injinta kaɗan ne. Wanda ya ga layin motoci a gidajen mai lokacin ƙarancin watan Maris na 2025 ya san darajar motar da ke ƙoshi a gida. Masu ƙera Atto 3 sun ce babban batirinta na kai ta kilomita 420 a caji guda.

To, amma a wace hanya? An auna wannan adadi a ɗakin gwaji, ba cikin duwatsun Adar ba. A nan zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, dole a kunna na'urar sanyi, ita kuwa daga batirin take ci. Rairayi, hawan tudu da lodin buhuna duk suna rage tafiya, zafi kuma na gaggauta tsufan batiri. Daga Madawa zuwa Buza kimanin kilomita 50 ne, mota za ta je ta dawo ba fargaba. Amma zuwa Yamai kimanin 500 ne, sai an tsaya an cika ta a hanya. Haka nan batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar, inda dutse ke fara bugu, inda kuma ruwan ƙoramun Majiya ke fara taɓawa da damina.

Tambaya ta biyu ita ce wuta. Batiri mai cin awo 60 na lantarki, in an jona shi da soket na ɗaki, yakan kwashe fiye da kwana guda kafin ya cika daga ƙasa. Da na'urar caji ta musamman dare guda ya isa, muddin mitar gidan za ta ɗauka, NIGELEC kuma ba ta ɗauke wuta ba. A ƙasarmu kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta katse wutar da muke saye daga gare ta, ba ta maido ba sai a 2024. Magidancin da haihuwa ta zo wa iyalinsa da tsakar dare, yana neman asibitin Galmi, ba zai jira batiri ya cika ba.

Ta uku ita ce gyara. Kanikawanmu gwanaye ne a kan Toyota da Peugeot, amma wannan mota tana ɗauke da wuta mai ƙarfin volt ɗaruruwa, wadda kan kashe wanda ya taɓa ta ba da sani ba. Batirin ne kuma mafi tsada a jikinta. Saboda haka mai sayen tsohuwa ya nemi takardar gwajin lafiyar batirin, mai sayen sabuwa kuma ya tambayi wanda zai cika alkawarin garanti, da garin da yake.

Ga ra'ayinmu. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mazaunin gari, mai wuta a gida ko allunan hasken rana masu ƙarfi, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce makaranta, kasuwa da garuruwan kusa ba, zai iya cin moriyarta. Amma gidan ƙauye da mota guda ce jigonsa, ya dakata tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saura aikin hukuma. Habasha ta hana shigo da motocin mai a 2024, tana dogaro da wutar madatsun ruwanta. Mu rana Allah ya ba mu, kuma tashar Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018 a nan jahar Tawa, ta nuna ana iyawa. A ƙara irinta, a kafa wuraren caji a kan babbar hanyar da ta bi ta Ƙwanni, Madawa da Maraɗi, a kuma koya wa samarinmu gyaran waɗannan motoci a cibiyoyin koyon sana'a. Ranar da aka yi haka, mu da kanmu za mu ce wa magidanta su saya.